Yaron da ya gyara wa masu jarrabawa tambaya

Shekarun da na yi ina koyar da lissafi a sakandaren da ke kusa da Toranke, kullum a babur nake tahowa daga Gaya, kuma ba abin da ke sa ni ɗokin isa kamar wani yaro ɗan aji biyar. Ɗan malamin unguwarsu ne, ya haddace Alƙur'ani tun bai kai ko'ina ba. In ka faɗa masa abu sau ɗaya, ya zauna ke nan.

Mahaifinsa ya gindaya masa sharaɗi: in ya ci jarrabawar share fage ya ci gaba da boko, in ya faɗi ya dawo gona da koyar da ƙannensa a zaure. Shi kuwa injiniya yake so ya zama. Na bugi ƙirji na ce wa malam ya kwantar da hankalinsa, lissafi dai an gama.

A zangon nan muka yi darasin alaƙa da fankshin. Na kwatanta musu da injin niƙa: ka zuba lamba, ya juya ta bisa ƙa'idarsa, ya fito maka da amsa guda tak. Misalin littafinmu shi ne a ninka lamba sau biyu a ƙara uku. Wata rana hannuna ya zame na rubuta biyar a wurin ukun. Yaron ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce na yi ɓata, kamar yadda ake yi wa mai tilawa gyara. Na goge, na yaba masa, har na yi ta ba da labarinsa a ofishin malamai.

Ranar jarrabawar lissafi na tsaya a bakin ƙofa ina jiransu. Ya fito fuskarsa fal murna.

"Malam, ashe su ma manyan suna ɓata. Bakwai suka sa a wurin uku. Na soke na gyara musu, sannan na amsa."

Na tambaye shi ko tambaya ɗaya ya yi wa haka. Ya ce a'a, ai takardar cike take da kurakurai, kusan duk sai da ya gyara.

Jikina ya yi sanyi. Shi kuma yana tsaye yana jiran yabo.

Washegari na shiga ajin na rubuta wata ƙa'ida dabam da gangan. Kafin in ajiye alli ajin ya ɗauka baki ɗaya, suna karanto mini ta littafi. Na ce to, in aka zuba goma a wannan injin nawa, me zai fito? Sai kowa ya hau kallon na kusa da shi. Raina ya ɓaci ƙwarai, amma tsoro ya fi yawa. Ashe duk zangon nan ba su taɓa ganin inji ba, nassi suke gani wanda ba a taɓa shi.

Da sakamako ya fito, mahaifin yaron bai yi mini gori ba, godiya ma ya yi. Yaron ne ya rako ni har gindin babur, ya riƙe mini jaka. Sai da na tayar sannan ya yi magana, a hankali.

"Malam, su ne fa suka yi kuskuren. Me ya sa ni aka kayar?"