Ƙwallayen Malam Garzali da Kurege

Ranar Asabar da hantsi aka ga Malam Garzali, mai shirin zama dakta, maƙale a reshen bishiya a bayan gidajensu na East Greensboro a Amurka, jallabiya ta tsage har cinya, takalmi ɗaya a ƙasa. Ya biyo kurege ne. Kuregen kuwa yana can sama, ƙwallo a baki, yana kallonsa. Sai da maƙwabcinsa Alhaji Lauwali, direban babbar mota, ya kawo tsani, bayan ya gama dariya ya share hawaye.

Garzali mutumin Bichi ne, ɗan manomi, marar hayaniya. Shekara huɗu ke nan yana jami'a a kan bishiya ɗaya, fich na daji, wani ɗan itace mai ƙwallo a ciki da ke fitowa a duwatsun ƙasar Sin. 'Ya'yansa ƙanana ne, ga gashi, ga ɗaci, ko akuya sai ta yi shawara. Amma bishiyar ba ta tsoron sanyi, ƙwari ma ba su cika damunta ba. Aikin Garzali shi ne ya gano wace ƙwayar gado ce ke ba ta wannan taurin kai, a sa wa fich mai zaƙi na lambu.

A watan Maris ya bi furanni ɗaya bayan ɗaya da ɗan buroshi, yana ɗaukar garin furen na daji yana shafa wa na lambu. Ya samu ƙwallo ɗari da arba'in, kowanne da ledarsa da lambarsa, an san uwa an san uba. Irin nan ba ya tsirowa sai ya yi wata uku cikin sanyi da danshi, kamar yadda yake yi a dutse. Don tsabar so, sai ya kawo su firjin gida, ya zuba musu jiƙaƙƙen yashi, yana leƙa su safe da yamma.

Ana nan sai matarsa Hafiza ta haihu, Gwaggon da ta raine shi ta zo wankan jego. Ta buɗe firji, ta ga iri cikin laima. Ita kuwa tun tana yarinya ta san iri shanya shi ake yi. Ta kwance ledojin, ta wanke ƙwallayen tas, ta zubar da takardun lambobin, ta baza su a tabarma a rana. Kuregun unguwa suka yi biki.

Goma sha ɗaya ya tsira da su, su ma ba a san asalinsu ba.

"Da ban zo ba da duk sun ruɓe," in ji Gwaggo. "Karatun naku bai koya muku shanya ba?"

"Allah ya saka da alheri, Gwaggo," ya ce, kansa a ƙasa.

Me zai ce? Bishiyar sau ɗaya take fure a shekara. Takardar izinin zamansa a ƙasar a watan Mayu za ta ƙare. Farfesansa ya saurare shi, ya ce zai duba abin da za a iya yi, kuma har yau ana dubawa. Tun daga ranar, in Garzali ya dawo daga aiki, sai ka gan shi tsugune a ciyawa yana tono da cokali duk inda ya ga ƙasa ta motsa, ko kurege ya binne masa ƙwallo a nan. Gyaɗar dawa yake samu, wani lokacin murfin kwalba.

Jiya Alhaji Lauwali ya jingina da motarsa yana kallonsa.

"Dakta, ni dai shawarata a ba kuregen nan digirin. Aikin shekararka huɗu, shi a wuni ɗaya ya shuke shi."

Garzali bai ɗago ba, ya ci gaba da tono.

"A ba shi, Alhaji. Shi dai ya shuka wani abu a unguwar nan. Kai shekara ashirin, ban da surutu me ya tsiro a ƙofarka?"