Dabbar Tagulla Mai Kai Uku

Taubashina maƙerin fari ne a Gude, tagulla yake narkawa ya yi munduwa da zobe. Ni kuwa da na tsaya a aji huɗu na firamare, ni ne baturen danginmu. Wata ranar kasuwar Kabo aka naɗe mana tsire a wata takarda mai hoto: dabba ce da kan zaki, kan akuya ya tsiro mata a gadon baya, wutsiyarta kuma maciji. Na karanta ɗan abin da maiƙo bai ɓata ba, na gyara murya irin ta masana, na sanar da shi cewa aikin tagulla ne na Itiruskawa, wasu mutanen dauri a ƙasar Italiya.

"Maƙera ne kamarka," na ce, "sai dai su sun iya."

Maganar nan ce ta ja. Ya nemo kakin zuma ya siffanta ta, ya lulluɓe da yumɓu, ya zuba tagulla. Ta fito ba ta wuce ɗan kyanwa ba. Zakin ya fi kama da karen da aka kora daga mahauta, amma dai kai uku cif.

Bara ciwo ya kwantar da shi. Na je dubiya, na tarar ba ciwon ne ke cinsa ba. A wa'azi ya ji cewa wanda ya yi siffar abu mai rai, ran gobe za a ce ya busa mata rai, kuma ba zai iya ba.

"Kwantar da hankalinka, tsoho," na ce. "Ka taɓa cin karo da irin dabbar nan taka a gonakin Madadi? Abin da Allah bai halitta ba, wa ka kwaikwaya?"

Bai yi dariya ba. Sai na ɗauki dabbar na tafi wurin malamin unguwarsu. Ya ce a cire kan, shi ke nan ta tashi daga siffa.

"Allah gafarta Malam, wanne daga ciki?"

Ya daɗe yana jujjuya ta a hannu. "Duka."

Hannun taubashina ya daina riƙe zarto, don haka ni na zauna bakin tabarmarsa ina yankawa, yana gyara mini riƙo. Zaki, akuya, sannan maciji. Da na gama ya shafa wuyan da babban yatsa.

"Ko yanka ba ka iya ba," ya ce, ya juya fuska bango. Matarsa ta ce ranar ce ya sami barci.

Bai ga girbi ba. Gangar jikin dabbar tana nan tana tokare ƙofar ɗakina, ba kuma sauran wanda zan tsokana.