Keken Chin-shui da Lemukan Madou

Hsiao Chin-shui ya yi rayuwar aikinsa duka a wata masana'antar lema da ke bayan garinmu, Hemei, yana ɗaura wayoyin lema. Shagona na gyaran keke yana kan hanyarsa. Kullum da safe sai ya kaɗa mini ƙararrawar kekensa ya wuce, ko ina waje ko ina ciki.

Keken nasa ba irin na zuwa aiki ba ne. An ƙera shi ne don masu tsere a cikin laka, waɗanda in hanya ta ƙi sai su saɓa keken a kafaɗa su ruga. Kansa a lanƙwashe kamar ƙahon rago, tayoyinsa masu haƙora. A hannun wani ɗan tsere da ciwon gwiwa ya zaunar ya saye shi. Abokan aiki suka yi ta dariya, shi kuwa ya gano cewa da keken nan zai iya yankewa ta gaɓar gonakin shinkafa ya riga masu babur isa. Haka ya yi ta yi har ya ajiye aiki.

Bayan rasuwar matarsa ya taɓa zamewa a banɗaki. Bai karye ba, amma labari ya kai wa 'yarsa Wan-ju a Taipei. Ta zo da shawararta a yanke: a rufe gidan, ya koma wurinta, akwai ɗaki can saman bene. A shagona ta same shi muna shan shayi.

"Baba, kai kaɗai a gida, in ka faɗi wa zai ɗaga ka?"

"Wanda ya ɗaga ni wancan karon."

"Wa ke nan?"

"Ni."

Ta juyo gare ni. "Kawu Tu, ka yi masa magana mana."

Na ce shayin ya huce, bari in sake ɗora ruwa.

Kafin ruwan ya tafasa sun gama. Chin-shui zai zagaye tsibirin nan namu a kan kekensa, ya bi ta kudu ya ɓullo ta gabas. In ya kira ta ta zo ta ɗauke shi a hanya, daga nan sai benenta. In ya isa ƙofarta a kan sirdi, ta bar shi da gidansa. Ta yarda da sauri, don a ganinta ba zai wuce Chiayi ba.

Muka shiga aikin keke. Muka cire tayoyin laka muka sa masu faɗi da santsi. Muka canza giyar baya da mai manyan haƙora saboda hawan dutse, muka sa sabon birki, da sirdin fata, da kariyar baya mai jaka biyu. Ya aro sikelin mai sayar da kifi, duk abin da zai shiga jaka sai ya hau sikeli. Har burushin haƙori ya yanke wa mariƙi. Da na sauko da kariyar gaba daga kan ƙusa, sai ya ɗaga hannu.

"Me zan ɗora mata? Riga biyu gare ni."

"Bikin cikar wata ya kusa, lokacin kyaututtuka ne," na ce.

"To sai me? Zafi ya ragu, shi ya sa na zaɓi yanzu."

Na mayar da ita kan ƙusa. Na dai ɗaure masa wasu wayoyin gare, irin na cikin taya, a jikin ƙarfen keken, ta ƙasa.

Sauran labarin a bakinsa na ji.

Farkon tafiya keken kamar tashi zai yi. Masu motoci suna leƙowa suna ihu, "Ƙara mai, Kawu!" Ya wuce Chiayi bai ko waiwaya ba. A Madou ne ya tsaya shan ruwa a gaban wani lambu, lokacin kuwa ana tsinkar lemon nan nasu mai kaurin ɓawo, wanda kowane ɗaya ya kai kan jariri. Matar lambun ta dubi furfurarsa ta dubi jakunkuna.

"Yaya, zagaye kake yi? A shekarun nan naka?"

Kafin ya amsa ta rungumo lemuka.

"A'a, a'a, ƙanwata, ba wuri."

"Ga wuri nan, jakar ma kuka take don yunwa."

Ya ƙi, ta tura, ya sake ƙi, ta zuge jakar. A wurinmu da baki ake ƙin kyauta, hannu kuwa karɓa yake yi. Kuma mutanen zamaninmu, da suka tashi a kan dankali da ruwan shinkafa, ba sa jefar da abinci a gefen hanya ko ba mai ganinsu.

Sai ya yi dabara. Da ya tsaya cika gora a wani ofishin 'yan sanda, ya ajiye musu lemo biyu. Suka biyo shi har waje da kwalin wainar bikin cikar wata da busasshen mangwaro. A ɗakin baƙi na wani haikali ya ba tsohon mai shara wainar, da safe ya tarar da ƙullin dankali ɗaure a kariya. Ya ba wani masunci dankalin, masuncin ya shiga gida ya fito da busasshen kifi da kwalbar miya. Duk abin da ya fita daga jaka sai ya aiko da wansa. Kuma duka a baya suke taruwa, a kan taya ɗaya.

A hawan Shouka, inda hanya take tsallaka dutse zuwa gabas, ya ji ƙas a bayansa. Ya ci gaba. Ya sake jin ƙas. Garen baya ya karkace, ya shiga gugar birki, keken ya ƙi tafiya. Ya sauka ya zauna a kan shingen hanya, daji a sama, daji a ƙasa. Ya fito da wayar hannu ya riƙe. Bai kira ba, ita ce ta kira.

"Baba, kana ina?"

"Ina hutawa."

"Numfashinka fa? In zo ne?"

"Lemo nake ci, kada ki dame ni."

Ya faɗa ne kawai don ta ƙyale shi. Amma da ya ajiye wayar sai ya ga bai kamata ya bar maganar ta zama ƙarya ba. Ya zaro wuƙa ya fasa lemo ɗaya.

Yana cikin ci sai ga wasu mata daga Kaohsiung suna hawowa a kan kekunansu, fuskoki a rufe saboda rana. Wannan karon bai miƙa wa kowa lemo ɗungum ba. Ya ɓare, ya rarraba, ya shimfiɗa a kan ɓawo.

"Ku sauko ku cece ni, 'yan'uwa."

Suka sauko suna dariya. Babbarsu ta ci, ta lashe yatsu, hannunta ya nufi jaka.

"A'a, Yaya," in ji Chin-shui. "Tare muka ci, ba wanda ya ba wani."

"Kai, wannan tsoho da wayo yake. To buɗe baki."

Ta tura masa dunƙulen shinkafa, ya haɗiye a nan take. Suka cinye lemuka, suka bi da mangwaro, suka taune kifin. Wasu masu hawowa suka tsaya su ma. Da jakunkuna suka saki, ya kifa keken ya kwance wayoyin da na ɗaure. Sa'arsa, wayoyin garen da suka tsinke na ɓangaren da babu haƙoran giya ne. Mutumin da ya tsufa yana ɗaura wayoyin lema kuwa ba a koya masa jan waya har ta daidaita. Ya juya garen, ya tafi sumul.

Daga ranar, duk wanda ya tare shi da kyauta sai ya zaro wuƙa ya ce, "Zauna mu ci." A Chishang ne kawai ya gamu da gamonsa, wani manomi ya rungumo masa buhun shinkafa ɗanya. Chin-shui ya dubi buhun ya dubi wuƙarsa.

"Ɗan'uwa, wannan sai dai ka dafa."

Manomin ya kai shi gida ya dafa.

Da ya isa Taipei ya kaɗa ƙararrawa a gindin benen. Wan-ju ta sauko ta zagaya shi, ta taɓa tayar baya, ta taɓa kumatunsa.

"Wane irin mutum ne zai zagaye ƙasa ya dawo da ƙiba?"

Ta hau sama ta dawo da babban kwalin wainar abarba, wai guzurin sauran hanya. Ya zaro wuƙa. A bakin matakala suka zauna, har mai gadin benen ya samu rabonsa. Wan-ju ta haɗiye lomarta ta dube shi.

"Ɗakin nan dama ya fi dacewa da shanya. Amma zan sa a kafa maka ƙarfen riƙewa a banɗaki."

"Yana da nauyi?"

"Baba, ba ɗauka za ka yi ba."

Yana nan a gidansa. Kwanan baya ya kaɗa mini ƙararrawa, amma bai wuce ba. Ya shigo ya nuna ƙusa da haɓa.

"Tsoho Tu, waccan tana nan?"

"Tana nan."

"Sa mini. Mutumin Chishang, shinkafarsa ce, itacensa ne, gidansa ne. Wannan ba a ce tare aka ci ba. Man gyaɗa zan kai masa, tulu biyu."

Na ɗaura masa kariyar gaba. Ban tambaye shi me yake tsammani manomin zai rungumo ba in ya ga tulu biyu. Na dai ƙara masa wayoyi a ƙasan ƙarfe.