Kusun Iya Ta Mairuwa

A Mairuwa, da zarar an sauke tuwon dare, Iya kakata takan tura kara cikin ragowar wutar murhu mu zagaye ta. Ni takan ja kusa da ita, wai ni ne angonta, ango marowaci da ko goro bai taɓa saya mata ba. Sai ta gyara murya ta ce ga ta nan tafe, mu ce ta iso mu ji.

Tatsuniyar da ta fi zama mini a rai ita ce ta manomin da dawarsa ke raguwa a rumbu. Ya sake jinka, ya yaɓe baki, ya zargi maƙwabta, duk a banza. Rannan ya kama kusu, wato ɓera, zai kashe. Iya takan ƙanƙantar da murya a nan: "Ka bar ni da raina, in gwada maka inda ɓarna ta hwara." Kusu ya kai shi ƙarƙashin rumbu, ga siririyar hanyar gara ta daɗe tana hawa. Manomi ya sake shi. Wannan kaɗai ce tatsuniyar da Iya ba ta rufewa da "ƙurunƙus kan kusu", wai bai ci a yanke masa kai ba.

A damunarta ta ƙarshe zani ya daina zagaye cikinta. Loma biyu ta ce ta ƙoshi. Aka yi ta dafa mata saiwoyi, ana cewa kumburi ne. Da aka kai ta asibiti, likita ya ce dajin ƙwan mahaifa ne, kuma ya riga ya bazu. Ba ta ga girbi ba.

Yau nazarin wannan ciwo ne aikina a ɗakin bincike. Muna sauya wa ɓeraye ƙwayoyin gado don ciwon ya tsiro a jikinsu, mu ga daga ina yake tasowa. Sau da yawa sawunsa na kai mu ga siririn bututun da ƙwai ke bi zuwa mahaifa, tun ƙwan mahaifar yana lafiya lau. Ranar da na fara ganin haka a madubin ƙara girma, fita na yi waje na yi kuka.

Kusu ya cika alkawari, Iya, ya gwada mana hanyar garar. Sai dai namu ba a sakinsu, ke kuma ba ki jira ba.