Ranar da Launi Ya Ɓace a Cinyar Yayana

Muddin ina da rai da hankalina, akwai wata safiyar Talata a asibitin Dogon Dutsi da ba za ta taɓa fita raina ba. Har yau in na tuna ta sai tsigar jikina ta tashi, wani lokaci kuma in kama dariya ni kaɗai.

Maganar yayana ce, wanda nake bi. A zamaninsa ɗan kokawa ne, daga Dumega har Tibiri ba wanda bai san shi ba, kuma ko bayan ya bar fili ya koma gona, shi kaɗai yake cira buhun hatsi ya aza a amalanke. Ni kuwa malamar makaranta ce, don haka duk abin da ya shafi takarda da Faransanci a gidanmu ni ake turawa.

Wani ƙullutu ne ya fito masa a cinyar dama, sama da gwiwa kaɗan. Ya ce tsohuwar faɗuwa ce ta kokawa. Aka yi shafe-shafe, wanzami ya yi ƙaho, abu sai gaba yake. Sai da ya kai girman mangwaro sannan ya yarda muka je asibiti. Dutsi suka tura mu Yamai, can aka ɗebi ɗan nama aka auna, aka ce ciwon daji ne. Likita bai ɓoye mana komai ba. Za a sa masa magani ta ƙarin ruwa, wanda suke kira shimiyo, har sau shida. In ƙullutun ya ji magani, a fiɗe shi a bar ƙafa. In bai ji ba, ƙafar ce za ta tafi. Ni na fassara masa wannan magana da bakina, ban kuma iya kallon idonsa ba.

Kafin a fara maganin aka yi masa eko, wato hoton cikin jiki da na'ura. Ni a sanina eko ta masu ciki ce, shi ma haka, don yana kwance ana shafa masa wani mai mai sanyi yana cewa, "To Auta, bari mu gani ko namiji ne." Likita ya aza kan na'urar a kan ƙullutun, muka ga wani dunƙule toka-toka a allo. Sai ya danna wani maɓalli. Nan take dunƙulen ya cika da ja da shuɗi, suna ta walƙiya kamar garwashin da ake hurawa, ga wata ƙara tana fita, fuu, fuu, fuu.

"Lokotoro, wanga ja da shuɗi hwa?" in ji Yaya.

Likita ya ce jini ne ke gudu. Ƙullutun ya yi wa kansa jijiyoyi yana jan jini daga jiki, da shi yake ci yana girma. Ya buga hoton a takarda ya ba ni, ya ce in adana.

Shimiyo ba wasa ba ne. Zuwa uku muka yi, gashin Yaya ya zube har gira, abinci ba ya zama a cikinsa, mutumin da ke cira buhu ya koma buta ma sai an riƙa masa. Abin da ya fi karya masa zuciya shi ne wani zare da ya ajiye. Kowace Juma'a sai ya zagaya cinyar da shi ya duba. Wata biyu da rabi, zaren bai ragu ko da faɗin farce ba.

Ana saura kwana shida mu koma Yamai, na iske shi zaune ƙarƙashin itacen bedi, ga damina ta kankama, maƙwabta duk suna gona. Ya miƙo mini zaren.

"Auta, na gama. Maganinga ni yake kashewa, ba ciwon ba. Ƙarshenta dai yanke ƙahwar za su yi. Ku bar ni in mutu da ƙahwahuna biyu."

Na yi lallashi, na yi kuka, matarsa ta yi, Inna ta yi, ko gezau. Daga ƙarshe na tuna likitan Yamai ya rubuta a yi wata eko bayan zuwa na uku, kuma ya ce ana iya yin ta a Dutsi. Na ce, "Yaya, mu tai Dutsi kawai a duba. In aka ga ba abin da ya sake, wallahi ba ni ƙara yi maka maganar asibiti." Ya ce ya yarda. Yanzu in na tuna sai in ga irin kasadar da na yi, don rantsuwa na yi a kan abin da ban sani ba, kuma ran mutum ne a ciki.

Washegari Talata da sassafe muka hau amalanke zuwa bakin hanya, muka samu mota. Likitar da ke yin eko a Dutsi mace ce, ba ta cika magana ba. Ta karɓi tsohon hoton ta jingina shi kusa da allo, ta shafa mai, ta aza na'ura. Dunƙulen ya fito, girmansa kusan yadda yake. Ta danna maɓallin launi.

Ba ja, ba shuɗi. Toka kawai.

Ta zagaya sama, ta zagaya ƙasa, ta danna nan ta murɗa can. Shiru. Can gefe guda ne wani ɗan ɗigo ja yake ƙyaftawa. Na ce mata da Faransanci ko na'urar ce ta lalace. Sai ta ɗaga kan na'urar ta kai bayan gwiwarsa, inda babbar jijiya take. Allo ya kama da ja wur, ƙara ta cika ɗakin, fuu, fuu, fuu! Ta maido kan ƙullutun. Tsit.

Sannan ta yi murmushi, ta juya Hausa don ya ji da kunnensa. "Malam, na'ura lahiya lau take. Dubi wancan hoto, dubi wanga. Hanyoyin da ciwon ke shan jini sun toshe, saura kaɗan. Daga waje yana nan da girmansa, amma alama ta nuna cikinsa mutuwa yake."

Yaya ya ɗago kai. "Kina nuhin ya ji magani?"

"Ya ji ƙwarai. Amma ba a gama ba, sai ka cika sauran ukun, in ba haka ba yana iya tasowa."

Ni dai ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, a cikin asibiti, ni da nake hana yara surutu a aji! Shi kuwa Yaya, da man eko a cinya da wando a naɗe, ya dira daga gado ya ɗaga hannu sama ya fasa kirarinsa na fili, wanda rabon da a ji shi an fi shekara goma. Duk da rashin ƙarfi, sai da ya kai ƙarshe. Ma'aikata suka leƙo a guje suna zaton wani abu ya faru. Wani tsoho da ke jiran layi a waje ya gane kirarin, ya shiga amsa masa. Likitar tana dariya tana cewa a kwantar da shi kar ya faɗi. A mota da za mu koma, duk wanda ya shigo sai Yaya ya nuna masa hotunan biyu, har da waɗanda ba su tambaya ba.

Ranar Lahadi shi ya riga ni shirin komawa Yamai. Ya cika sauran ukun, wahalarsu ma ta fi ta farko, amma bai ƙara cewa uffan ba. Aka yi aiki a Yamai aka cire ƙullutun, aka bar masa ƙafarsa. Yana ɗan ɗingishi, kuma har yanzu muna zuwa a duba shi lokaci-lokaci, sai dai bana da kansa ya yi noman gonarsa.

Abin da na koya shi ne, wahalar magani ba ita ke nuna ba ya aiki ba, kuma abin da ido ke gani daga waje ba shi ke nan ba. Saura kwana biyar kacal mu bar maganin da ke cin nasara, don ba mu da hanyar ganin nasarar. Shi ya sa duk wanda na ji ya ce ya gaji zai bar asibiti, ba na yi masa wa'azi. Cewa nake ya tashi mu je a duba tukuna, ni zan raka shi.