Gemu Mai Faɗin Yatsa Biyu

A barikinmu ba wanda yake kiransa da sunan da ke kan fayil ɗinsa. Kofur Tanka kowa ke cewa, saboda tankar ruwan da ya shekara goma sha tara yana tuƙawa daga famfon bariki zuwa gidajen sojoji. Ni ne akawun ofishin bataliya. Fayil ɗinsa yana durowa ta uku, ya kuma fi na kwamanda kauri.

Ɗan mai gyaran agogo ne. Mahaifin ya so ya gaje shi, amma duk agogon da Kofur ya buɗe ya rufe sai an ga wani ɗan ƙarfe ya yi saura a kan tebur. Ya shiga soja yana da shekara ashirin. Harbinsa ba yabo ba fallasa, faretinsa ma haka, sai dai bai taɓa goga mota a jikin komai ba, kuma matan bariki sun shaide shi da cewa ba ya tsallake layin kowa.

Abin da ya kumbura fayil ɗin shi ne fuskarsa. Gashinsa mai murɗewa ne. In reza ta share shi, sai ya lanƙwashe ya koma cikin fata, kuraje su feso, su yi ruwa, har igiyar hular kwano ta gagara ɗauruwa. Doka ta ce soja ya yi aski kullum, sai wanda likita ya ba takarda. Takardar kwana casa'in take aiki, gemun kuma kada ya wuce milimita shida. Kofur ya tara irinta tamanin da takwas.

Samanjanmu, wanda ke kula da tsafta da kaki, bai taɓa yafe wa wannan gemu ba. Da rula yake yawo a aljihun gaba. Duk safiyar Litinin sai ya dasa ta a haɓar Kofur, ya kanne ido ɗaya.

"Shida da rabi."

"Ranka ya daɗe, danna rular ka yi, har ta nutse cikin fata."

"Ni za ka koya wa awo? Direban ruwa!"

Saura wata bakwai Kofur ya cika shekarunsa ya yi ritaya, aka sauya tsohon likitan bariki, wanda ke sa hannu ba tare da ya ɗago kai ba. Aka kawo wata kyaftin mai tabarau. Ta kunna fitila, ta bi gemun Kofur da yatsa daga kunne zuwa kunne.

"Kofur, ina kurajen?"

"Suna nan, ranki ya daɗe. Reza suke jira."

"Ni abin da na gani nake rubutawa. Fatar nan ta fi tawa laushi. Kwana goma ya rage wa takardarka, in sun fito ka dawo."

Ya zo ofishina ya zauna a kan benci, ya ce in karanta masa dokar sannu a hankali. Na karanta. In ba takarda, aski kullum. Wanda ya fito fareti da gemu ba takarda, a rubuta masa laifi. Laifi uku a wata guda, a sallame shi kafin lokacinsa. In kuma ya aske gemun duka don likita ta ga kuraje, Samanja zai ce ashe yana iya aski.

"To, Malam Akawu, gemun ne ya warkar da ni, warkewar kuma ita za ta raba ni da gemun?"

Na ce masa haka sakin layi na huɗu ya nuna.

Mai askin bariki ne ya kawo dabara. Abokin Kofur ne tun suna kurata, shagonsa na bayan kantin sojoji, da madubi mai tsaga a kusurwa.

"Kai dai ba ka da wayo, mutumina," in ji shi. "Wa ya ce sai an nome gonar duka? Ɗan fili za mu share wa likitar a ƙarƙashin muƙamuƙi, inda kwala ke rufewa. Ta ga amfanin gona, ta sa hannu."

Ya share faɗin yatsa biyu a gefen hagu. Cikin kwana huɗu kuraje suka fito kamar an shuka su. Kofur ya riƙa yawo da wuya a karkace, Samanja ya tambaye shi, ya ce kwanciya ce ta yi masa ba daidai ba.

Likita ta duba filin, ta dubi Kofur ta saman tabarau, ta ɗan jima. Sannan ta ɗauki rula, ta auna, ta yi rubutu. Kofur ya sara mata, ya kawo mini takardar yana murmushi. Da na karanta sai na ce ya zauna. Ga abin da ta rubuta: an yafe masa aski a wuri mai faɗin santimita uku da tsawon santimita huɗu, ƙarƙashin muƙamuƙin hagu. Sauran fuska lafiya lau.

Doka ta ce in kai wa Samanja kwafin takardar, na kai. Ya karanta sau biyu, ya sa na buga tambari, ya ninke ta a hankali kamar wasiƙar masoyiya. Da kansa ya raka Kofur shagon aski. Mai aski ya riƙe reza yana kallon silin.

"Ko'ina ban da nan," in ji Samanja, yana zana wurin da biro.

Kwana tara Kofur yana aski kowace safiya. Fuska ta kumbura, tsiron gefen hagu kuwa ya yi baƙi ƙirin, shi kaɗai, kamar an manna masa burushin takalmi. Ya koma asibiti, aka ce likita ta tafi kwas sai bayan mako biyu. Matarsa ta tare ni a bakin famfo.

"Malam Akawu, ku da kuke da biro, haka za ku zuba ido? Baban yara ba ya iya tauna abinci. Autarmu ta ce ɓera ne ya maƙale masa a wuya, ta ƙi yarda ya ɗauke ta."

A kwana na goma ya kasa ɗora reza, Samanja ya rubuta laifi na ɗaya. Washegari na biyu. Rana ta gaba ita ce ta faretin kwamanda na wata-wata. Kofur ya cije, ya yi aski, ya fito da jini a kwala.

Kanar, kwamandan bataliya, yana bin layi yana duba maɓallai da takalma, har ya wuce Kofur da taku biyu. Ya tsaya. Ya dawo da baya.

"Kofur, mene ne wannan a wuyanka?"

"Gemu ne, ranka ya daɗe."

"Ina sauran?"

"Ba su da takarda, ranka ya daɗe."

Wani a layin baya ya yi tari irin na wanda dariya ta shaƙe. Samanja ya matso ya sara, ya miƙa kwafinsa, ya ƙara da cewa ya auna da safe, bai wuce iyaka ba. Kanar ya karanta, ya dubi fuskar Kofur da kyau, ya juya mana baya yana kallon tuta, kafaɗunsa na motsi. Da ya juyo sai ya ce a kawo fayil.

Na kawo da hannu biyu. Ya buɗe a tsaye, ya yi ta juya takardun, kowace da kwanan watanta da sa hannun likita.

"Nawa ne?"

"Tamanin da tara da ta ƙarshen, yallaɓai."

"Samanja, shekara ashirin da biyu likitoci suna faɗin abu ɗaya. Kai kana jiran mutumin nan ya sake fata ne?"

"Doka ce, ranka ya daɗe."

"Na sani. Ni ma ina da biro."

A kan bonet ɗin motarsa ya rubuta cewa an soke laifuka biyun, kada reza ta sake taɓa Kofur har likita ta dawo ta gan shi. Ta dawo ran Alhamis, ta tarar da abin dubawa daga kunne zuwa kunne. Ta rubuta takarda guda mai aiki har ranar ritayarsa. Da zai fita ta ce, ba tare da ta ɗago kai ba, "Ka gaida mai askinka. Ka ce masa layinsa ya miƙe sosai, kuraje ba sa fitowa da kusurwa huɗu."

Kofur ya cika shekarunsa cif, ya miƙa makullin tanka. Yanzu motar wata makarantar firamare yake tuƙawa. Na haɗu da shi watan jiya a bakin titi, gemu har ƙirji, yana faɗa da wani mai babur da ya tare masa hanya.