Batirin da Ba Ya Son Rana

Kowace safiya, da zarar rana ta leƙo ta bayan duwatsun Kagoro, Baba Silvanus yakan fito da tsohon gwangwanin madara cike da batura, ya jera su a kan kwanon rumfarsa ɗaya bayan ɗaya. Baturan rediyo ne da na tocila waɗanda suka gaji. A wurinsa batir ba ya mutuwa da wuri, sanyi ne yake kama shi. In ya sha rana zuwa azahar, zai ƙara karanta maka labaran duniya ko da na kwana biyu ne. Rabin Kafanchan haka suke yi, amma shi kaɗai ne yake komawa da hantsi ya juya su, kamar mai shanyar citta.

Shekara talatin da ɗaya ya yi a reluwe, kuma duk a ƙarƙashin taragu ya yi su. Shi ne mai kula da manyan baturan da ke ba fasinjoji fitila da fanka. A wancan zamani jirgin Legas da na Fatakwal da na Jos duk a Kafanchan suke gaisawa, tasha ba ta rabuwa da ƙamshin gasasshiyar masara da hayaƙin inji. Shi kuwa burinsa tun yana saurayi ya hau kan jirgi ya ja. Ranar gwajin ido aka nuna masa fitila ja da koriya daga nesa, ya kasa rabe su. Sai ya koma ƙasa da kwalbar ruwan batir a hannu, wasu suka yi ta wucewa ta samansa suna busa ƙaho. Da jiragen suka fara ja baya, ya karɓi fansho a 1988, ya kafa rumfa a bakin kwatas yana yi wa mutane cajin batirin mota don kallon talabijin. In ban da keke, bai taɓa tuƙa komai ba.

Amininsa Hammawa ne, wani dattijon Bafillatani da rugarsu ke hanyar Zonkwa. Rediyo ce ta haɗa su. Hammawa ya kawo ta gyara tun Silvanus yana reluwe, ya zauna jira, jiran ya zama shekara ashirin. Ko a shekarun da gari ya rikice, maƙwabci yana kallon maƙwabci da gefen ido, duk ranar Alhamis sai an ga sandar Hammawa jingine da rumfar.

Cikin kakar 1993 wani kwali ya iso daga Ingila, daga wurin Mildred, 'yar Silvanus mai aikin jinya a can. Da aka buɗe sai ga motar wasa, tsawonta bai fi kamu biyu ba, tayoyinta manya masu ƙuraje, jikinta yana lilo a kan sifirin. Ga rimot mai dogon eriya. Ga baturanta guda biyu, kowanne sanduna shida ne aka naɗe cikin baƙar roba. Ga caja iri biyu, ɗaya ta bango, ɗaya mai baki biyu da ake maƙalawa a batirin mota, da ɗan agogo a jikinta wanda ake murɗawa. A saman wasiƙar ta rubuta: “Baba, ba ta jikoki ba ce. Taka ce. An yi ta don hawan dutse.” Nan ya tsaya da karatu. Ganin sauran shafin bayani ne a kan caji, sai ya ninke ya miƙa wa matarsa Bernice. Yarinyar da ya goya ce za ta koya masa batir?

Ranar Alhamis Hammawa ya zagaya motar sau biyu, ya taɓa tayarta da sanda.

“Kaɗo, tsufa ya zo maka ta ƙafa ko ta kai?”

“Fillo, wannan da kake gani tana hawan abin da akuyarka ba ta hawa.”

Hammawa ya nuna falalen dutsen da ke bayan kwatas, inda mata ke shanya acca. Tsayinsa ya kai ɗaki biyu, ga gangara, ga wata tsaga ta raba shi a tsakiya.

“In ka kai ta saman can, zan kira ka Direba a gaban kowa. Amma ka yi sauri. Alhamis biyu suka rage mini.”

Silvanus ya ɗago kai. Hammawa ya ce gonakin citta sun cinye burtali, 'ya'yansa sun riga sun kora shanu kudu, wajen Lafiya, shi da matarsa Nene za su bi su. Ya faɗa yana kallon sandarsa. Silvanus ya ɗauki tsumma yana goge motar da babu ƙura a jikinta.

Cajar bango ita ce ta dace da halinsa, domin a hankali take ɗurawa, awa goma sha huɗu. Sai dai kwana tara ke nan unguwarsu ba ta ga wuta ba. Dole ya koma ga mai baki biyu. Ya maƙala ta a batirin mota, ya murɗa agogon har ƙarshe, ya ga minti goma sha biyar ne kawai. Ya yi dariya. A reluwe batir kwana yake yi a kan caji. Wace tukunya ce take nuna a minti goma sha biyar? Don ya taimaka wa abin, ya ɗora shi a kan kwano cikin 'yan'uwansa ya sha rana. Agogo ya yi ƙara, ya sake murɗawa. Ya yi ƙara, ya sake. Ana cikin na huɗu Bernice ta dawo daga koyon waƙar zumuntar mata, ta tsaya a bakin rumfa tana shinshina iska.

“Baban Mildred, mene ne yake ƙonewa?”

Robar ta tsage, wani farin gari yana tsattsafowa daga kan sandunan, abin ba ya taɓuwa don zafi. Ya ture shi ƙasa da filaya. Ya daɗe tsaye a kansa. Shekara talatin da ɗaya batir bai taɓa mutuwa a hannunsa ba, sai yau, a gaban matarsa da kaji.

Saura ɗaya. Ya sa shi a aljihun tsohuwar rigar aikinsa, ya rantse ba zai taɓa shi ba sai ya gwada na gida. Ya shiga kasuwa ya zaɓo manyan baturan tocila guda shida, yana auna nauyinsu a tafin hannu, yana ɗanɗana kan waya da harshe. Ya ɗaure su da robar tayar keke. A tsakar gida motar ta yi gudu har ta kori zakara. Da ta kai gindin dutse, ta ɗora tayoyin gaba, sai ta yi wani kuka siriri ta tsaya. Ƙarfinsu na hira ne, ba na dako ba. Ya aro batirin babur ya ɗaura mata a baya. Wannan kam akwai ƙarfi, amma nauyi ya rinjaye ta, tana fara hawa ta ɗaga kai sama ta wuntsila, ruwan batir ya zubo ya ci masa gwiwar wando.

Alhamis ta farko Hammawa ya zo ya tarar da wandon a kan igiya.

“Direba bai fito ba tukuna? Ko jirgin ya yi latti?”

“Ana gyaran layi,” in ji Silvanus.

Ranar Lahadi bayan sujada, Bernice ta zaro wasiƙar daga cikin littafin waƙoƙinta, ta sa tabarau, ta zauna kusa da shi. Ba ta nemi izini ba, ta fara karantawa da muryar da take karanta sanarwa a majami'a. Mildred ta ce murɗawa ɗaya tak. Ta ce a yi cajin a inuwa, batirin ba ya son zafi. Ta ce in ya yi ɗumi a hannu ya ƙoshi, kuma ƙoshinsa minti takwas ne na tafiya, kada a ɓata su a fili. A ƙarshe ta rubuta: “Na san Baba zai ce minti goma sha biyar ya yi kaɗan. Mama, ki riƙe masa hannu.”

“Ka ji ko?” in ji Bernice. “Shi ya sa ta aiko biyu. Ta san ubanta.”

Ranar Alhamis ta ƙarshe Hammawa ya zo da wuri, da sabuwar hula, rediyonsa a rataye. Silvanus ya shimfiɗa buhu a cikin ɗaki kusa da randa, inda ƙasa ke da sanyi. Ya haɗa baki ja da baƙi, Bernice ta duba masa don kada ido ya yaudare shi. Ya murɗa agogon. Su uku suka zauna suna sauraron ƙas-ƙas ɗinsa. Daga can tasha wani kan jirgi ya yi ƙaho sau ɗaya, shi ma kamar don kada a manta da shi.

Agogo ya yi ƙara. Hannun Silvanus ya tafi da kansa, har yatsunsa sun kama maɓallin.

“Ko rabi ne a ƙara masa. Dutsen nan da tsayi.”

Hammawa ya ɗauki batirin ya kara a kumatunsa, ya lumshe ido.

“Kaɗo, maraƙi in ya ƙoshi cikinsa ake taɓawa, ba nonon uwar ake dubawa ba. Taɓa ka ji.”

Silvanus ya karɓa. Ɗumi ne mai laushi, irin na ƙwan da kaza ta tashi a kai yanzu. Ya riƙe shi jim kaɗan, sannan ya sa hannu ya cire bakin cajar da kansa.

A hannu ya ɗauki motar har gindin dutse don kada minti ɗaya ya tafi a banza. Matan da ke shanya acca suka janye tabarminsu suna dariya. Ya ja eriya, ya gyara tsayuwa, ƙafafu a ware kamar yadda ya ga direbobi suna yi a kan jirgi. Ya tura sandar rimot da ƙarfi, tayoyi suka yi ta juyawa a wuri ɗaya suna watsa tsakuwa.

“Sannu-sannu, Baban Mildred!” in ji Bernice.

Ya sassauta. Tayoyin suka kama. Motar ta fara hawa tana rangaji, taya ɗaya a sama, uku a ƙasa, kamar hawainiya a reshe. A bakin tsagar ta tsaya, ƙafar gaba ta faɗa ciki. Ya ja da baya kaɗan, ya karkata ta, ya shiga tsagar a kaikaice yadda kowace taya za ta tsallaka ita kaɗai. Gumi ya jiƙa masa wuya. Kukan injin ya fara yin ƙasa.

“Babu ja babu kore a nan,” in ji Hammawa a hankali. “Hanya taka ce. Wuce.”

Taku uku ya rage, sannan biyu. Ta ja jiki, ta ɗora ƙirji a kan leɓen dutsen, tayoyin baya suka biyo, ta yi ɗan gaba ta tsaya cik. Batirin ya ƙare a daidai inda aikinsa ya ƙare. Wata mata ta rangaɗa guɗa.

Hammawa ya cire sabuwar hularsa, ya ɗaga sanda sama, ya buɗe muryar da yake kiran shanu da ita daga tsallaken rafi.

“Jama'a, ku ba Direba hanya! Sannu da zuwa, Direba! Yaya hanya?”

Silvanus ya tsaya yana ta tura eriyar cikin gidanta a hankali, gaɓa bayan gaɓa. Su biyun suka hau dutsen da rarrafe don ɗauko motar, kowa yana cewa ɗan'uwansa ne ya tsufa. A can sama suka zauna har inuwa ta juya, layin dogo a miƙe a ƙarƙashinsu, reshe ɗaya ya nufi Jos, ɗaya ya yi kudu.

Ranar Asabar motar kaya ta kwashe Hammawa da Nene. Sunan kuwa ya zauna. Har ƙarshen shekarun nan, mai kawo cajin batir da mai sayar da ƙosai duk Baba Direba suke cewa, waɗansu ma sun ɗauka jirgi ya ja.

Alhamis ta gaba ya tashi kamar kullum. Ya ɗauko gwangwanin madara, ya tsinci ƙananan baturan rimot ya zuba a ciki, don su irin na gida ne, sun san rana. Baƙin batirin kuwa ya naɗe shi a tsumma ya tura bayan randa. Bernice tana zaune a bakin gado, tana kallonsa.

“Wannan ba za ka fitar da shi ya sha iska ba?”

“Bar shi nan. Baƙo ne, ba ya son rana.”

Ya ɗauki kujerar da Hammawa yake zama a kai, ya tsaya da ita a hannu kamar zai mayar, sai kuma ya saɓa ta a kafaɗa. Ya rungumi gwangwaninsa, ya ɗaga labule ya fita.